Tirela ta Tare Layin Hagu: In Wuce ta Dama ko in Bi Bayanta?

Tambaya: "Baba, ina aiki a Kaduna, iyalina kuma suna Kano, don haka kusan duk Juma'a ina kan hanya. Shekarata biyu da fara tuƙi. Abin da ke ƙona min rai shi ne tirela ta hau layin hagu ta yi zamanta, in yi mata fitila, in danna oda, ko gezau. Ƙarshe sai in zagaye ta ta dama. Laifi ne hakan? Kuma me ya sa mutanenmu ba sa iya tsayawa a layinsu, da an ɗan samu cunkoso sai aron hannu? Wani lokacin har sai in ga kamar ni ne wawa da nake bin layi."

Amsa:

Ɗana, sannu da hanya. Titin nan da kake bi duk mako na san shi tun yana falle ɗaya, kafin a mai da shi tagwaye. Na ja bas a kansa, na ja tirela, yanzu da gwiwa ta fara kawo ƙara na koma kujerar gefe ina koya wa yara tuƙi. Ke nan na zauna a inda kake zaune kana huci, na kuma zauna a can sama inda wanda kake huci a kansa yake.

A doka dai maganar ba ta da kwana. A Najeriya dama ake bi, ta hagu ake wuce mota. A titi mai layi biyu a kowane hannu, layin dama shi ne gidan kowa, babba da ƙarami. Na hagu aro ne, ka shiga ka wuce na gabanka ka dawo. Direban da ya tare hagu ya ƙi matsawa ya yi laifi, kuma cikin jerin laifuffukan da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ke cin tara a kai akwai ƙin ba da hanya, akwai kuma wuce mota ba bisa ƙa'ida ba. Na biyun nan naka ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Inda doka ta yi maka sassauci ka wuce ta dama kaɗan ne: idan na gabanka ya sa sigina zai yi kwana hagu kuma akwai fili, ko a cikin cunkoso inda layuka ke jan ciki, naka ya fi na hagu motsi. Tirelar da ke gudun kilomita 60 a awa a fili tsakanin Zariya da Kwanar Ɗangora ba ta shiga ko ɗaya ba.

Ina ɗan firamare aka sauya hannu a ƙasar nan, ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Gowon. Kafin nan hagu muke bi irin na Ingila, alhali Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey (Benin ta yanzu) duk dama suke bi, mai mota in ya ƙetare iyaka sai ya juya ƙwaƙwalwarsa. Gana ma ta biyo baya a 1974. Na kawo wannan ne saboda masu cewa wai mutanenmu ba sa koyuwa. Ƙasa guda ta kwana tana bin hagu ta wayi gari tana bin dama, da direbobin da akasarinsu ba su yi boko ba, don kawai an yi ta shela a rediyo an kuma sa ido. Saboda haka in ka ga mutum ya tare hagu yau, kada ka ce jahilci ne kawai ka rufe magana. Akwai abin da ya kore shi daga dama.

Hau kan tirela ka duba layin dama da idon direbanta. Ka baro Na'ibawa da lodin buhu ɗari shida. Kafin ka kai Kura ka haɗu da ɗan adaidaita sahu da ya tsaya sauke fasinja rabin jikinsa a kan kwalta, da mai babur ɗauke da buhu uku yana tahowa ta hannunka yana fuskantarka, da amalanken shanu, da motar da ta lalace aka jera mata ganye. Lokacin tumatir ka iso Kwanar Gafan, kasuwa ta ci gefen titi ta fara lasar layin. A Mararrabar Jos da Tafa 'yan uwanka ne ma masu manyan motoci suka yi fakin a jere. Ƙaramar mota tana kauce wa waɗannan da ɗan murza sitiyari. Tirela mai lodi ba ta kaucewa haka, ba ta kuma tsayawa haka. In ka taka birki sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta saurare ka, in kuwa ka rage gudu sai ka bi giya ɗaya bayan ɗaya kafin ka dawo da shi, man dizal yana ƙonewa. Sai direba ya yi lissafi: a hagu babu mai faɗo min sai ta gefe ɗaya. Ya koma can ya kafa tanti.

Ga kuma ita kanta kwaltar. Injiniyoyin hanya suna da wani lissafi da suka samo daga gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950: in ka ninka nauyin da ke kan gatarin taya sau biyu, ɓarnar da yake wa titi ba ninki biyu take ba, kusan ninki goma sha shida ce. Mu kuwa lodi muke yi har sai mota ta durƙusa. Shi ya sa layin dama ke fara mutuwa, ya yi kwari biyu daidai sawun taya, bakinsa ya zaizaye. Motar da aka yi wa lodi mai tsayi, irin na albasa ko gawayi, in tayarta ta dama ta faɗa wannan zaizayar sai ka ji duk jikinta ya karkata, cikinka ya ɗuri ruwa. Wanda ya taɓa jin haka sau ɗaya zai so hagu. Wato mu muka kashe dama da lodinmu, sannan muka gudu hagu mu kashe shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce har yanzu wannan ne dalili a ko'ina. Sassan da aka sake ginawa tsakanin Kano da Zariya da Kaduna sumul suke, layi a fente, gefe da faɗi, amma je ka gani, manyan motoci na nan a hagu. Dalilin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Yaron motar da ya koyi tuƙi a hannun ubangidan da ke bin hagu, hagu zai bi, bai ma san akwai wata magana ba.

To, me ya sa duk da haka nake hana ka zagaye ta ta dama? Saboda ba ya ganinka. Sitiyarin tirela a hagu yake. Ta gefen direba madubi na kusa, in ya ga dama ma ya leƙo da kai. Ta gefen dama kuwa akwai wani fili, daga ƙarƙashin ƙofar yaron mota ya bazu baya ya fantsama har layi na gaba, da ƙaramar mota za ta shige ta ɓace ɗungurungum. Wannan in madubin na nan lafiya ke nan. Sau nawa ka ga tirela da madubin dama a fashe, ko an ɗaure guntun madubin ɗaki da roba? A irin wannan motar yaron mota shi ne madubi, kuma bayan sallar azahar da cin tuwo yaron mota barci yake.

Ni da kaina na kusa kashe mutane haka. Ina tahowa da siminti, na wuce Tashar Yari, ina hagu kamar kowa. Sai ga rami a gabana, irin wanda ke karya sifirin. Na duba madubi ban ga kowa ba, na karkata dama. Sai na ji wani ƙara kamar an ja kwano a kan siminti. Wata Golf ce da mutum shida a ciki ta shigo ta ƙarƙashina, direban yana ta sauri ya wuce. Allah Ya sa gefen wurin fili ne, ya gangara cikin gona ya tsaya, ƙofa ce kawai ta lotse. Da ya fito yana ta rantsuwa ya yi min oda. Wataƙila ya yi. Cikin kan tirela, da ƙugin inji da iska da rediyo, odar Golf kamar kukan sauro ce. Abin da har yau nake tunawa wata tsohuwa ce da ta fito daga kujerar baya riƙe da ƙullin goronta, ba ta zagi kowa ba, ta samu gindin kuka ta zauna tana kallon tayata da ta fi ta tsayi.

Kuma ka tuna abin da ya kori tirelar daga dama yana nan yana jiran ka. Kai da ka fito daga bayanta da gudun 110 ba ka ga abin da ke gaba ba, don jikinta ya tare maka. In ka tarar da motar da ta mutu a layin, hagunka ƙarfe ne, damanka rami ko mutane. Babu wurin zuwa.

Abin da za ka yi shi ne ka ja baya tukuna. Yawancin masu ƙananan motoci suna manne wa tirela har suna shaƙar hayaƙinta, suna ta fitila, alhali a nan ɗin ba ta ganin su sam. In ba ka hango madubinta ba, direbanta bai hango ka ba. Ja baya har sai ka ga madubin hagu, ka ɗan karkato inda haskenka zai faɗa cikinsa, ka yi fitila sau biyu, ka ba shi lokaci. Ba zai koma dama nan take ba, sai ya ga wuri mai kyau, kuma ya fi ka hangen gaba. Da yawa za su matsa. Wanda ka yi wa odar rashin kunya kuwa, ka zuge gilashi kana yi masa daƙuwa, ya samu abin hira, zai riƙe ka har Jaji. In ka yi duk wannan ya ƙi, kuma dole ta sa sai ka bi dama, to ka san kana aikata abin da doka ba ta ba ka ba, in wani abu ya faru ba ka da bakin magana. Aƙalla kada ka yi shi a kwana, ko kan gada, ko kusa da gari da kasuwa, ko dab da mahaɗa, don tirela in za ta yi kwana dama sai ta fara buɗewa hagu, kai kuma ka ɗauka hanya ta ba ka. Ka koma layin dama tun kana nesa, ka ga gabanka fes, ka yi oda, ka wuce gaba ɗaya ba tare da ka jera da ita kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Siginar manyan motoci ma kada ka ɗauke ta wahayi. Wani in ya kunna ta hagu yana nufin kada ka fito, mota na zuwa. Wani kuma da ita yake cewa zo ka wuce. Wani ya manta da ita ne tun Zariya. Wannan yaren ba ya cikin kowane littafi, kowa da irin wanda ubangidansa ya koya masa. Haka masu kunna sigina biyu a mahaɗa wai alamar miƙewa za su yi. Wutar nan ta haɗari ce, ta motar da ta tsaya ko ta samu matsala. Idonka shi ne shaidarka.

Kada in ɗora wa manyan motoci komai. Mai ƙaramar motar da ke tafiyar 70 a layin hagu, waya a kunne, gwiwar hannu a taga, ya fi ba ni haushi, don shi ba shi da uzurin lodi. Akwai kuma wanda zai ce ai 100 yake yi, iyakar gudun da doka ta yanka wa ƙananan motoci a babban titi ke nan, don haka ba zai matsa wa kowa ba. Ba a naɗa ka ɗan sanda ba. Mai gudun wuce sa'a laifinsa daban, kai kuma da ka tare shi ka tilasta masa bin dama ka ƙara laifi a kan laifi. Sai kuma masu raba layi biyu, su sa farin fenti a tsakiyar mota kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Wannan ɗabi'ar tsohon titi ce mai ramuka, inda mutum ke son ya bar wa kansa zaɓi biyu. Shi ma layin hagun ba aljanna ba ne a titunanmu, tunda wuraren juyawa a tsakiya suke: kana tafe da gudu sai ka tarar da mota ta tsaya cik tana jiran ta yi kwana, ko wata ta sako hanci daga ɗaya hannun. Wani dalilin ke nan na komawa dama da zarar ka gama wucewa.

Tunda ba kullum kake kan tagwayen titi ba, bari in ba ka lissafin falle ɗaya, irin hanyoyin da ke shiga ƙauyukanmu, don a nan ne ake gaba-da-gaba. Tirela na yin 60, kai kana 80. Tsawonta ya kai mita 17, ga tazarar da za ka bari a baya da gaba, ga tsawon motarka. Sai ka ci kusan mita 60 a kanta. Da bambancin gudun 20, wannan zai ɗauke ka daƙiƙa 11. Cikin daƙiƙa 11 ka shafe mita 245. Motar da ke tahowa da gudun 100 tana cin mita 28 duk daƙiƙa, ta shafe sama da 300. Haɗa su. Kana bukatar fiye da rabin kilomita da babu kowa, kuma ka gan shi da idonka. Yanzu ka tuna sau nawa ka ga an fito a kan tudu, ko mota uku sun bi bayan juna sun fito tare, na ukun bai ga komai ba sai bayan na biyu. Farin layin da ba a yanka ba a tsakiyar titi, abin da yake gaya maka ke nan: a nan ba za ka iya ganin rabin kilomitar ba.

Sai maganar aron hannu, wadda ita ce ta fi cin rai. Akwai wani gwaji da masana suka yi a Japan, aka buga sakamakonsa a 2008. Sun sa mota 22 a wani zagayayyen fili mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya yi ta zagayawa da gudun 30. Babu danja, babu rami, babu shingen kowa. Ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa, har wasu na tsayawa cik. Wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya fi, abin ya yi ta komawa baya kamar igiyar ruwa. To in mutanen da ke tafiya a layi ɗaya da niyyar kirki sun haifar da cunkoso, ina ga inda kowane minti wani ke yanko wa wani gaba? Duk wanda ya soko hanci ya sa mutum goma taka birki. Shi ya ci tsawon mota ɗaya, ya jawo wa na baya asarar tsawon mota ashirin.

Wuri in ya tsuke, misali layi biyu sun koma ɗaya saboda aiki ko haɗari, yawan motar da za ta fita ta bakin nan ba ya ƙaruwa don an yi layi biyar a bayansa. Raguwa ma yake, don maimakon a shiga ɗaya bayan ɗaya sai a tsaya ciniki da hanci da madubi. A Jamus doka ce: in layi biyu za su haɗe, kowa ya tafi har bakin mahaɗar, sannan ɗaya daga nan, ɗaya daga can, kamar haƙoran zif. Mu kuwa mun ɗauki ba da hanya a matsayin faɗuwa. Mutumin da zai tsaya a ƙofar masallaci yana "bismillah, shiga," "a'a, kai dai shiga," shi ne in ya riƙe sitiyari ba zai bar ka ka shiga gabansa ba ko da mai naƙuda ka ɗauko. Na daɗe ina mamakin wannan. Ina jin gilashi ne. In mutum ya rufe kansa a mota ba ya ganin fuska, ƙarfe yake gani, kuma ba a jin kunyar ƙarfe.

Na taɓa kwana a kusa da Tafa saboda wannan. Tanka ce ta faɗi ta tare hannun masu zuwa Abuja, amma akwai ɗan wurin da mota ɗaya za ta bi. Da an yi haƙuri da awa biyu ta isa. Sai wani mai jiniya ya tsallaka ɗaya hannun, bas-bas suka bi shi, masu gida-gida suka bi bas-bas. Su ma masu tahowa daga Abuja da suka ga an cinye musu layi sai suka bazu har gefen titi. Kafin magariba layi huɗu na fuskantar layi huɗu, hanci da hanci, babu mai iya gaba babu mai iya baya. Motar janwe da aka kira ta ɗauke tankar ita ma tana can baya a maƙale, kilomita da yawa. Masu shayi da masu tsire suka yi cinikin shekara. Da asuba na ga wanda ya fara bin mai jiniyar yana alwala da ruwan leda a gefen motarsa, bai fi taku hamsin daga inda ya bar layi ba. Mai jiniyar dai ya wuce, shi kaɗai.

Wannan na masu jiniya ba ƙaramin abu ba ne. Talaka yana koyon doka ne daga abin da ya ga babba na yi. In kullum ayarin manya da motocin jami'an tsaro ne ke fara aron hannu, to an koya wa kowa cewa bin layi na marasa galihu ne. A Legas, inda suka ƙirƙiro hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, LASTMA, tun 2000, sai da ta kai ana tura wanda aka kama yana bin hannun da ba nasa ba gwajin ƙwaƙwalwa, ana kuma ƙwace motoci. A Kano an kafa irinta, KAROTA, a 2012, Kaduna ma tana da tata. FRSC kuwa tun 1988 take, zamanin Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba. Matsalar ita ce yawancin aikin a tsaye ake yin sa: a tare ka a duba lasin, da takardu, da abin kashe gobara. Laifin layi kuwa a guje ake aikata shi, sai da sintiri ko kyamara ake kama shi. Mutum zai iya tare hagu daga Kano har Kaduna, in takardunsa sun cika babu mai ce masa kanzil. A Ingila tun 2013 ɗan sanda na iya yanka wa mai zaman dirshan a layin tsakiya tarar fam 100 nan take, da makin laifi uku a lasinsa. Ka ga ashe su ma suna da masu halin. Bambancin a can ana biya.

Cikin gari kuma wani karatu ne, ba zan tsawaita ba. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya gaji titi, ya kuma gaji halin babur: yana ganin duk inda hancinsa ya shiga jikinsa ma zai shiga. Amma ka tambayi yaron nawa ne balas ɗinsa, wato kuɗin da zai kai wa mai keken kullum, kafin ya samu na cefane. Wanda ake biya da yawan sawu, ko ɗan adaidaita ne ko direban Sharon da ke son ya juyo daga Kaduna sau biyu a yini, duk fasinjan da ya ɗaga hannu kuɗi ne, zai yanko daga layi na uku ya tsaya a gabanka. Ban ce daidai ne ba. Na ce ka sa ran hakan, ka bar masa fili tun kafin ya nema. A shataletale kuma wanda ke ciki shi ke da hanya, wato mai zuwa ta hagunka. Ka zaɓi layinka tun kafin ka shiga, ba sai ka kai tsakiya ka tuna Zoo Road za ka ba.

Amfanin layi gaba ɗaya shi ne na bayanka ya san abin da za ka yi kafin ka yi. A wurinmu gwanin direba shi ne mai kurɗawa, wanda zai shige tsakanin mota biyu ba a taɓa fenti ba, fasinja na cewa "kai, yaron nan ya iya mota." A wurina gwani shi ne wanda na bi bayansa kilomita hamsin bai sa na taka birki ba shiri ko sau ɗaya ba. Shi ya sa ranar farko ba na koya wa ɗalibi totur. Madubi, sigina, leƙa kafaɗa, sannan motsi, a jere haka, har sai ya zama ba ya tunani. Sigina kuma kafin a fara kwana ake sa ta, ba a tsakiyarta ba. Neman izini ce, ba sanarwar abin da ya riga ya faru ba. Ga tazara: ka zaɓi wata alama a gefen titi, in na gabanka ya wuce ta ka ƙirga daƙiƙa uku kafin kai ka iso. Da damina, ko cikin hazon hunturu, ka ninka. Na san abin da za ka ce, da ka bar fili wani zai shige. Zai shige. Ka sake barin wani. A tafiyar Kaduna gaba ɗaya wataƙila mota goma sha biyar su yi maka haka, kowace ta ci maka daƙiƙa biyu.

Wannan ya kawo ni ga ko kai wawa ne. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ce. In tirela ta riƙe ka a gudun 60 na tsawon kilomita biyu cur, minti biyu ka yi a inda da gudun 100 za ka yi minti ɗaya da daƙiƙa 12. Asararka daƙiƙa 48. A ce sau goma aka yi maka haka kafin ka isa, minti takwas ke nan, bai kai lokacin da kake ɓatawa wurin sayen rake da dankali a hanya ba. Zafin da kake ji a ƙirji gaskiya ne, na san shi, amma ba lokaci ne ke ciwon ba, rainin ne, ganin wani ya taka doka ya wuce kai kana tsaye. Wannan kuwa sitiyari ba ya maganinsa. Kuma in ka lura, Juma'a da yamma bayan aikin mako guda, da yunwa da ɗokin gida, lokacin ne ya fi cin ka. In da hali ka riƙa fitowa da wuri, ko ka bari sai asubar Asabar, manyan motoci da yawa na fakin a lokacin.

Kafin tafiya ta gaba ka tsaya a gida ka daidaita madubanka na gefe, yadda gefen motarka kaɗan kawai za ka riƙa gani a ciki, sauran duk titi ne. Sannan ka sa ƙaninka ya zagaya motar a hankali kana zaune a kujerar direba, ka lura da inda yake ɓace maka. In ka samu direban tirela da kuka saba a Unguwa Uku ko Dawanau, ka roƙe shi ka hau kujerarsa minti biyar, a ajiye motarka a gefen damansa daidai ƙofar yaron mota, ka neme ta a madubi.